Hutu a gaɓar tekun Ghana: abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya sauka a Nima ko Maamobi

Ghana na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 550, daga Aflao da ke kan iyakar Togo har zuwa iyakar Cote d'Ivoire. Da can, fatauci da neman kuɗi ne ke kai mutanen Nijar da arewacin Najeriya wannan yanki da suke kira Kurmi. Yanzu akwai masu zuwa don hutu, ko ziyarar dangi, ko bikin aure, su haɗa da kai yara su ga teku. Mafi yawansu a zangunan Accra suke sauka, musamman Nima da Maamobi, inda Hausa ke biyan buƙata a kasuwa da masallaci da tashar mota.

Zango yana ɗauke wa baƙo wahalar harshe da abinci da wurin sallah. Akwai kuma abubuwa uku da mai masauki ba zai iya yi masa ba: takardu, zaɓen lokacin tafiya, da kiyaye kai a bakin teku. Su ne suka fi jefa baƙi cikin matsala.

Zangunan Accra

Alaƙar Hausawa da wannan ƙasa ta girmi sunan Ghana. Fataken goro daga Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga. Daga baya Turawan Ingila suka kawo sojojin Hausawa a yaƙinsu da Asante na 1873 zuwa 1874, wasu suka zauna. A farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya kafa Sabon Zango a Accra, garin da tsofaffi har yau suke kira Ankara. Nima ta fara ne a shekarun 1930 ta hannun Malam Amadu Futa, ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Maamobi kuma ta tashi a gefenta. Babban magudanar ruwa ne ya raba su. Sauran unguwannin da baƙo zai ji sunansu sun haɗa da Fadama, Sukura, Madina, Tudu da Ashaiman. Masu sha'awar tarihi za su tuna cewa a Accra ne Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a kan 'yan ci-ranin Nijar a tsakiyar shekarun 1950.

Mazauna zango ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa, Fulani, Mosi, Kotokoli, Dagomba, Wangara, Yarabawa da sauransu, kowace al'umma da sarkinta, Hausa ce ta haɗa su. Hausar Ghana ta ɗan bambanta da ta Kano ko Maraɗi: sau da yawa ba a bambanta namiji da mace a magana, ana iya ce wa mace "ya zo", kuma akwai kalmomin Turanci da na Tuwi da yawa a ciki. Kunne yana sabawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Gyara wa mai gari Hausarsa ba ya cikin ladabin baƙo.

Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin ɗari na mutanen Ghana miliyan 30.8. Babban Masallacin Ƙasa yana Kanda, daf da Nima. An buɗe shi a watan Yulin 2021, an gina shi da tallafin Turkiyya a kan fasalin masallatan Istanbul, kuma yana ɗaukar masallata kusan 15,000. A New Fadama gidan Sheikh Usman Nuhu Sharubutu yake, wanda aka naɗa Babban Limamin ƙasa a 1993.

Takardu

Yarjejeniyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga Ghana ba biza, su zauna har kwana 90. Wannan ya shafi 'yan Najeriya, Benin, Togo da Cote d'Ivoire. Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma a ranar ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su kuma ci gaba da shiga ba biza har sai an fitar da wata sanarwa. Tun da tsari ne na wucin gadi, ɗan Nijar ya tuntuɓi ofishin jakadancin Ghana ko kamfanin motar da zai hau kafin ya yanki tikiti. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, don haka 'yan ƙasashen su fara da ofishin jakadanci.

Fasfo ya fi kowace takarda sauƙaƙa lamari a kan iyaka. Abu mafi muhimmanci shi ne a bi ta ƙofar hukuma a buga hatimin shiga, a kuma duba yawan kwanakin da jami'i ya rubuta. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya don gudun layi, ko ya zarce kwanakinsa, zai gamu da tara ko tsarewa a ranar fita. Mai niyyar wuce kwana 90 yana buƙatar izinin zama da katin shaidar baƙi.

Takarda ta biyu ita ce katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda a Nijar ake kira karne. Ghana na neman sa daga duk mai shigowa. Allurar na fara aiki a hukumance kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Katin jabu da ake sayarwa a tasha ba ya kare kowa daga cutar. Mai tafiya da yara ya riƙe takardun haihuwarsu, in ba 'ya'yansa ba ne ya haɗa da rubutaccen izinin iyaye.

Tsofaffin zango ba sa wasa da takardu, kuma suna da dalili. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa izinin zama mako biyu su bar ƙasar, dubban iyalai suka rasa gidaje da dukiya. A watan Mayun 2025 ma hukumar shige da fice ta kwashe baƙi sama da 2,000 daga titunan Accra a samamen masu bara, mafi yawansu 'yan Nijar. Samame irin wannan ba ya tambayar abin da ya kawo mutum sai daga baya. Baƙo ya riƙa yawo da kwafin fasfo da shafin hatimin shiga, ya ajiye hotonsu a waya. Mai son haɗa hutu da ɗan ciniki ya sani cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe kasa kaya a kasuwa da talla ga 'yan ƙasa. Sayen kaya a tafi da su gida ba laifi ba ne.

Wane lokaci ya fi

Accra ba ta da ruwan sama mai yawa, abin da take samu a shekara bai kai na Kaduna ba, amma damina biyu take yi. Babbar tana farawa wajen Afrilu ta ƙare tsakiyar Yuli, ta fi ƙarfi a watan Yuni. Ƙaramar tana zuwa tsakanin Satumba da Nuwamba. Yammacin gaɓar, wajen Axim, ya fi ruwa nesa ba kusa ba, yana wuce milimita 2,000 a shekara.

Watan Yuni shi ne na ambaliya. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah sun hallaka mutane kusan 150. Gidajen da ke bakin magudanar Nima da Maamobi na cikin waɗanda ruwa ke shiga, don haka mai zuwa da damina ya tambayi inda ɗakinsa yake.

Watan Agusta ya fi kowane wata sanyi, ga shi ya dace da hutun makaranta, sai dai teku na yawan tashi kuma sama na yawan lumshewa. Daga Nuwamba zuwa Maris rana ce. Hunturu yana isa bakin teku da rauni, ɗan hazo ne kawai a Disamba da Janairu. Zafin ba ya cika wuce digiri 32 ko 33, wanda ga mutumin Yamai ko Sakkwato ba komai ba ne a lissafi, amma zafi ne mai laima: gumi ba ya bushewa, wanki ma yana daɗewa a igiya. Tufafin auduga marasa nauyi sun fi shadda mai sitati.

Disamba watan tsada ne. Tun bikin Shekarar Komowa na 2019, baƙi daga Amurka da Turai ke cika Accra a ƙarshen shekara, kuɗin otal da na jirgi su tashi. Mai son ganin zango a cikin adonsa ya zo da Sallah. Ƙarama da Babba duk ranakun hutu ne a Ghana, ana babbar sallar Idi a Dandalin 'Yanci da ke bakin teku, babban titin Nima kuma ya cika da sarakuna da makaɗa.

Akwai al'adar masu gari da ya kamata a sani. Kafin bikin Homowo na ƙabilar Ga, ana hana kiɗa da hayaniya a Accra na kusan wata guda tsakanin Mayu da Yuni, har da lasifika a wajen coci da masallaci. Wanda zai zo bikin aure a lokacin ya san ba za a yi kiɗa ba.

Hanyoyin zuwa

Daga Najeriya, hanyar mota ita ce ta bakin teku: Legas, iyakar Seme, Kwatano, iyakar Hillacondji, Lome, sannan Aflao. Nisan bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ake ƙetarewa, kowace da fita da shiga, ga shingayen jami'ai. Yini guda ake warewa. Manyan bas-bas da ke riƙe da jerin sunayen fasinja sun fi sauƙi ga mai iyali, ƙananan motoci da ake canzawa a kowace iyaka sun fi araha ga wanda ya san hanya. Daga Aflao zuwa Accra awa uku ne zuwa huɗu.

Daga Burkina Faso ana bin Wagadugu, Po, iyakar Paga, Bolgatanga, Tamale, Techiman, Kumasi, sannan Accra. Daga Abijan ana shiga ta Elubo, a bi Takoradi da Cape Coast, wato mai wannan hanya yana ganin wuraren shaƙatawa tun kafin ya isa babban birni.

Mutanen Nijar ne lamarin ya fi yi wa wuya. An rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hanyar Torodi da Kantchari zuwa Fada N'Gourma kuma ta ratsa yankin da 'yan bindiga ke kai hare-hare. Yankin Bawku a arewa maso gabashin Ghana shi ma yana fama da rikicin sarauta da dokar hana fita. Kafin biyan kuɗi a tambayi kamfani ta ina motar za ta bi a wannan makon. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da dama kan gangara ta Najeriya.

Ta sama, Legas zuwa Accra kusan awa ɗaya ne. Daga Yamai yawanci ana canza jirgi a Lome ko Abijan. Filin jirgin Accra, wanda aka sani da Kotoka, yana cikin gari, kuma ba shi da nisa da Nima da Maamobi. Agogon Ghana yana bayan na Nijar da Najeriya da awa ɗaya. Ko ta wace hanya aka bi, kada a karɓi saƙon da ba a ga abin da ke cikinsa ba.

Masauki, kuɗi da waya

Tsohuwar al'adar mai gida tana nan: baƙo ya sauka wajen ɗan'uwa ko ɗan garinsu, a gabatar da shi ga limami ko sarkin al'ummarsu. Sai dai Nima da Maamobi na cikin unguwanni mafiya cunkoso a Accra. Gidan haya ɗaya na ɗauke da iyalai da yawa, ruwan famfo ba kullum ba, wasu gidajen kuma da banɗakin kuɗi na unguwa suke amfani. Mutum ɗaya zai samu wurin shimfiɗa, amma mai iyali ya fi dacewa ya kama ɗaki a ƙananan otal na Kokomlemle, Accra New Town, Kanda ko Adabraka, ya riƙa shiga zango cin abinci da gaisuwa. Wanda ya sauka a gidan mutane ya zo da tsaraba, ya kuma sa hannu a cefane, domin rayuwa a Accra da tsada.

Kuɗin ƙasar sidi ne. A 2007 aka cire masa sifili huɗu, shi ya sa har yau wasu 'yan kasuwa ke faɗin farashi da tsohon lissafi, su ce miliyan ɗaya suna nufin sidi 100. A tambaya kafin a firgita. Darajar sidi na hawa da sauka, don haka a canza kaɗan-kaɗan. Shagunan canji masu lasisi suna karɓar sefa da dala da yuro. Canjin bakin titi a Tudu da makamantansu ya saɓa wa dokar 2006, kuma 'yan sanda kan kai samame. Mai ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana shi ga kwastan.

Kusan komai ana biya ta waya, abin da suke kira MoMo. Kamfanonin layi su ne MTN, Telecel da AT, baƙo kuma yana rajista da fasfo a ofishin kamfani. Lambar ƙasa +233 ce. 'Yan damfara kan kira su ce an turo kuɗi bisa kuskure, ko su nemi lambar sirri. Ba a ba kowa ita. Soket ɗin Ghana mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, don haka mai zuwa daga ƙasashen Faransanci ya sayi mahaɗi.

A cikin gari, ƙananan bas da ake kira tiro-tiro sun fi araha, yaron mota yana kiran sunan unguwa. Motocin yamma, wato Cape Coast da Takoradi, ana samunsu a Kaneshie, na gabas kamar Aflao da Ada a Tudu. Uber da Bolt da Yango suna aiki. Tasi na titi ba shi da mita, a yi ciniki kafin a shiga.

Abinci

A nan Bahaushe zai ga sawun kakanninsa. Waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi, daga kalmar wake ya samo suna. Tuo zaafi tuwo ne mai zafi. Koko da ƙosai su ne karin kumallon Accra, har ana kiransa kokon Hausa. Akwai fura, masa, tsire da wagashi, cukun Fulani. Garin Kasoa ma daga kasuwa sunansa ya fito. Ranar Laraba kasuwar Nima ke ci, nan ake samun hatsi da kayan yaji.

A wajen zango sai an lura. Gidajen abinci na gargajiya kan sayar da naman alade da naman daji, wani lokaci a tukunyar miya ɗaya da sauran nama. Kifi shi ne mafita: banku da gasasshen karfasa, ko kenkey da soyayyen kifi da yajin shito. A sha ruwan leda ko na gora.

Inda za a je

Nima ba a bakin teku take ba, akwai 'yan kilomitoci tsakani. Wuri mafi kusa shi ne Labadi, ana biyan kuɗin shiga, kuma Asabar da Lahadi da yamma wurin kiɗa ne da giya. Iyali sun fi jin daɗinsa da safe a ranakun aiki. Bojo da Kokrobite suna yamma da birni, kusan kilomita 30. Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku, tana gabas kusan kilomita 100, ana yawo da kwalekwale a ɓangaren kogin. A cikin gari akwai hasumiyar Jamestown, kasuwar Makola, da makwancin Kwame Nkrumah da aka sake buɗewa a Yulin 2023 bayan gyara.

Tafiyar da ta fi kowace daraja ita ce ta Cape Coast, kusan kilomita 150, awa uku in an tsere wa cunkoson Kasoa da sammako. Nan da Elmina mai maƙwabtaka da ita akwai manyan gidajen da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Turawan Fotugal ne suka gina na Elmina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979. Da yawa daga waɗanda aka tsare a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa daga arewa aka gangaro da su, ta hanyoyin da fataken goro suka bi. Kusan kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai gandun Kakum, mai gadojin igiya bakwai da aka rataya a saman itatuwa tun 1995. Mai isasshen lokaci ya zarce Busua da Axim, da ƙauyen Nzulezo da aka gina a kan ruwa.

Kusan kowane gari a gaɓar yana da zango da masallaci. Alƙibla daga Accra gabas ce maso arewa, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara. A garuruwan masunta da yawa ba a fita kamun kifi ranar Talata.

Teku

Wannan ne babban haɗari ga mutanen tudu. Iya iyo a kogin Kwara ko a tafki ba ya nufin iya teku. Gaɓar Ghana na da igiyar ruwa mai ƙarfi, ƙasa kuma na zurfafa farat ɗaya. Mafi muni shi ne ruwan da ke komawa ciki ta wata siririyar hanya bayan igiya ta fashe. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, shi ya sa yake yaudarar baƙo. Wanda ya ja shi kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai-tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga hanyar ruwan.

Yawancin wuraren ba su da masu ceto. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Doguwar riga da hijabi suna nauyi in sun jiƙe, igiya kuma na iya kayar da babba a ruwa mara zurfi. Yaro ya kasance a hannun babba, ba a ƙarƙashin idonsa kawai ba. Ba a shiga ruwa da dare, ba a hawa duwatsu don ɗaukar hoto, ba a shiga kwalekwale ba rigar ceto. In masunta suka ce kada a shiga, a ji maganarsu. Ranakun Sallah da na hutu, lokacin da samari ke tururuwa bakin ruwa, su ne suka fi buƙatar sa ido.

Lafiya da doka

Zazzaɓin cizon sauro yana nan duk shekara, a zo da gidan sauro. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya taho da abin da zai ishe shi a cikin kwalinsa. Kusa da zango akwai Babban Asibitin Maamobi, Asibitin Sojoji na 37 da na Ridge, babban asibitin koyarwa kuma shi ne Korle Bu. Baƙo da kuɗinsa yake biya. Lambar gaggawa 112 ce.

Farar hula ba ya sa tufafi masu zanen kakin soja a Ghana. Ba a ɗaukar hoton barikoki ko fadar shugaban ƙasa, Jubilee House, wadda ke kusa da Nima. Dokar lafiya ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. In an shiga taro, daga dama ake fara gaisawa. Akwaaba na nufin barka da zuwa, medaase kuma na gode.

Mako guda ya isa: kwana biyu na gaisuwa da zaga Accra, biyu a Cape Coast da Elmina da Kakum, ɗaya a Ada ko Bojo, Juma'a a masallacin Kanda, sai ranar sayen tsaraba. Kafin a tashi a canza ragowar sidi, domin ba ya tafiya da daraja a kasuwannin canji na nesa, a kuma ware kuɗin mota na komawa tun ranar isowa.